Lauyan marasa ƙarfi: daga caji ofis zuwa ɗaukaka ƙara, ina aikin yake lalacewa?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai batun da nake so masana shari'a na cikinmu su warware mana. An kama mutum, ana zarginsa da laifin da zai iya kai shi gidan yari, ba shi da ko sisin ɗaukar lauya. Dokokin ƙasashe da dama sun ce gwamnati za ta ba shi, kuma sashe na 14 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin farar hula da siyasa ya faɗi haka ƙarara, muddin adalci ya buƙata. To amma abin da jama'a ke cewa shi ne lauyan kyauta na jeka-na-yi-ka ne: gwamnati ke tuhumarka, ita kuma ke biyan mai kare ka. Wannan zargi yana da tushe? Sannan ainihin aikin da ya kamata lauyan ya yi, mene ne?

Barista Asma'u:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Bari in fara da tambayarka ta biyu.

A caji ofis aikin yake farawa, tun kafin a je kotu. Shari'ar talaka sau da yawa a kwana biyun farko ake cin ta ko a faɗi, don a lokacin ake ɗaukar bayaninsa. Idan lauya ya iso kafin a rubuta komai, zai nemi ganawa da mutumin su biyu kawai, inda ɗan sanda ba ya jin su. Zai tambayi jami'in bincike laifin da ake zargi da hujjar da ke hannunsu. Zai duba littafin tsarewa ya ga ƙarfe nawa aka rubuta an kawo shi, domin daga nan ake ƙirga wa'adin kai shi gaban alƙali. Zai dubi jikinsa: in akwai rauni, a rubuta, a nemi likita a ranar. Shatin duka yana ɓacewa cikin makonni, alhali gardamar ko tilasta masa aka yi ya amsa laifi ba za ta taso ba sai bayan watanni, wani lokaci shekaru.

Daga nan ya bayyana masa cewa yana da damar yin shiru. In zai yi magana, lauya ya zauna a wurin, kuma kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai an karanta masa abin da aka rubuta da harshen da yake ji. In akwai tafinta, a rubuta sunansa, don gobe a iya kiransa ya ba da shaida. Wannan ƙaramin abu yana yawan rusa ko tsayar da takardar amsa laifi.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske sun sa shi a doka. A Ingila, tun dokar 1984, duk wanda aka tsare yana da damar ganin lauya kyauta a ofishin 'yan sanda, ba a ma tambayar abin da yake samu. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, a shari'ar Salduz da Turkiyya a 2008, ta ce asali dole a samu lauya tun tambayoyin farko, abin da ya sa Faransa ta gyara dokarta a 2011. A Najeriya, sashe na 17 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya tanadi a ɗauki bayani a gaban lauya ko jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a, sashe na 15 kuma ya kawo batun ɗaukar amsa laifi a bidiyo. Inda lauyan gwamnatin bai san da mutum ba sai ranar gurfanarwa, ya riga ya gaji takardar da zai shafe shekara yana yaƙi da ita.

Dakta Nasiru:
Barista ta kama bakin zaren. Ni zan taɓa zargin da Malam Habibu ya kawo, domin an auna shi da alƙaluma.

Hanyoyin samar da lauya uku ne: ofishin lauyoyi masu albashi da ba su da wani aiki sai kare marasa ƙarfi, lauya mai zaman kansa da kotu ke naɗawa shari'a ɗaya ɗaya, ko kwangila, inda ake ba wani lauya kuɗi dunƙule ya ɗauki duk shari'o'in da suka zo a shekara. A birnin Filadelfiya na Amurka, daga 1993 aka fara tura kowace shari'ar kisan kai ta biyar ofishin masu albashi, sauran huɗun a ba waɗanda kotu ke naɗawa. Rabon ya zama tamkar ƙuri'a, saboda haka bambancin sakamako daga lauyan yake. James Anderson da Paul Heaton sun bi waɗannan shari'o'i, suka wallafa a 2012 cewa waɗanda suka samu lauyan ofis, yawan kama su da laifin kisa ya ragu da kashi 19 cikin 100, yiwuwar ɗaurin rai da rai ta ragu da kashi 62, tsawon zaman kurkuku kuma da kashi 24.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ofishin yana da masu bincike, lauyoyinsa suna aiki tare, albashinsu ba ya raguwa don sun daɗe kan shari'a ɗaya. Waɗanda ake naɗawa kuwa, a lokacin binciken, su kaɗai suke aiki, kuɗin shiri ƙayyadadde ne kuma kaɗan, duk sa'ar da suka ƙara asararsu ce. Sannan alƙalan da za su tsaya a gabansu su ne ke ba su aikin gobe, wanda kuma ya cika gardama yana iya jin shiru. Saboda haka abin tambaya shi ne yadda ake biyan lauyan da wanda ke da ikon korarsa, fiye da daga wace aljihu kuɗin ya fito. Kwangilar dunƙule ita ce mafi muni, har wasu jihohin Amurka sun haramta ta.

Barista Lawal:
Dakta, ban musanta ba, amma kada mutane su tashi da cewa da an buɗe ofis an gama. Ofishin da aka danne da fayil ya fi lauyan haya muni.

A 1973 wani kwamitin ƙasa a Amurka ya sa iyaka: lauya ɗaya kada ya wuce manyan laifuka 150 a shekara, ko ƙanana 400, ko shari'o'in yara 200, ko ɗaukaka ƙara 25. Mu yi lissafi. Sa'a 40 a mako, mako 52, ya ba da sa'a 2,080, ba hutu ba jinya. Raba wa 150, kowace shari'a ta samu sa'a 14 da ƙyar. Raba wa 400, sa'a biyar da 'yan mintuna, kuma a ciki har da zaman jiran a kira shari'ar. A 2023 cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka da abokan aikinta suka fitar da sabon ma'auni: babban laifi mafi sauƙi yana buƙatar sa'a 35, kisan kai 248, wanda ke ɗauke da ɗaurin rai da rai ba sakin talala 286. Da wannan ma'auni, lauya ba zai wuce shari'a 59 ba ko da duka masu sauƙin ne. Ofisoshi da yawa kuwa ko tsohuwar iyakar sun zarce.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne me lauya ke fara yarwa idan aiki ya fi ƙarfinsa. Ba ya fashin zuwa kotu, don alƙali zai gani. Abin da ba a gani yake bari: ziyarar gidan yari, zuwa inda abin ya faru, neman shaidu, karanta fayil har ƙarshe. Sai ka ga yana tambayar mutum labarinsa a bakin ƙofar kotu minti biyar kafin a kira su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Alhaji Garba:
Barista Lawal ya faɗi gaskiya, kuma a zaman beli ake fara ganin illar.

Alƙali a zaman farko abu uku yake aunawa: mutumin zai gudu, zai taɓa shaidu, ko zai sake aikata laifi. Mai gabatar da ƙara ya zo da takardarsa. Idan lauyan kariya ya miƙe ya ce kawai yana roƙon beli bisa sharuɗɗa masu sauƙi, bai ba alƙali abin riƙewa ba. Wanda ya shirya zai zo da tabbataccen adireshi, shekara nawa mutumin ya yi a wurin, sana'arsa, mutum nawa ke ci daga hannunsa, takardar asibiti in yana da ciwo, da mai tsaya masa yana zaune a kotu da katin shaidarsa. Duk wannan aikin waya ne na sa'a biyu ko uku, amma sai an san da shari'ar kafin safiyar.

Kuskure na biyu: a samu beli a tafi, ba a tambaya ko mutumin zai iya cika sharuɗɗan ba. Belin da ba a iya cikawa da hana beli ɗaya suke. Lauya ya koma bayan mako ɗaya ya duba. In har yanzu yana ciki, ya shigar da buƙatar a sassauta.

Kuma zaman tsare yana sauya sakamakon shari'ar kanta. Wani bincike kan ƙananan laifuka a gundumar Harris ta jihar Teksas a Amurka, da aka wallafa a 2017, ya gano cewa waɗanda suka zauna a tsare sun fi makamantansu da aka saki amsa laifi da kashi 25 cikin 100, sun kuma fi su samun hukuncin ɗauri da kashi 43. Mutumin da aka ce masa in ya amsa yau zai kwana a gida, in ya musanta zai jira wata shida, ba sai ya yi laifin zai amsa ba.

Barista Asma'u:
Ranka ya daɗe, in ƙara kan wannan. Akwai waɗanda ba a hana su beli ba, ba a kuma yanke musu hukunci ba, mantawa kawai aka yi da su. A Najeriya kusan biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke. Dokar 2015 ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, ƙari ma sai da dalili, kuma ta ba ma'aikatar shari'a kwana 14 ta fitar da shawara bayan ta karɓi fayil daga 'yan sanda. Amma wa'adi ba ya aiki da kansa. Dole wani ya riƙe rajista: sunan mutum, ranar tsarewa, ranar da umarnin zai ƙare, inda fayil yake. Ranar da ya ƙare a koma kotu. Ofishin da ba shi da wannan rajista bai san mutum nawa yake karewa ba. A Indiya irin wannan mantuwa ce ta haifar da shari'ar Hussainara Khatoon a 1979, inda aka tarar da mutane a Bihar sun zauna jiran shari'a fiye da mafi tsawon hukuncin laifin da ake zarginsu da shi.

Malam Habibu:
Na gode ƙwarai. To bayan beli, kafin a fara sauraron shaidu, me lauya ke yi a tsakanin?

Barista Lawal:
Nan ne asalin aikin. Zai nemi duk abin da mai gabatar da ƙara ke da shi a rubuce: bayanan shaidu, rahoton likita, jerin kayan da aka kama, har da abin da zai taimaki wanda ake tuhuma. Zai jera abubuwan da doka ta ce sai an tabbatar kafin laifin ya tabbata, ya sa kowace hujja a gaban abin da take tabbatarwa, ya ga inda babu komai. Zai aika takardar a adana hoton kyamarar tsaro da bayanan waya tun makon farko, don yawancin na'urori suna share tsohon hoto da kansu. In mutumin ya ce yana wani wuri lokacin da abin ya faru, a kai maganar da wuri tare da sunayen waɗanda suka gan shi. In aka bari sai a tsakiyar shari'a, kotu na iya ɗaukarta ƙirƙira. A kayan da aka kama kuma, a bi sawun hannun da suka bi: wa ya karɓa, wa ya rufe, wa ya kai ɗakin gwaji, ranar nawa.

Shari'ar Gideon da kowa ke ambata ta nuna wannan. An tuhumi Clarence Earl Gideon a 1961 da fasa wani gidan wasa a jihar Fulorida ta Amurka, ya nemi lauya aka hana shi, ya kare kansa, aka ɗaure shi shekara biyar. Ya rubuta wa Kotun Ƙoli da fensir daga kurkuku, a 1963 ta yanke cewa dole jihohi su ba da lauya a manyan laifuka. Da aka sake shari'ar, a kotu ɗaya, gaban alƙali ɗaya, lauyansa Fred Turner ya tsananta wa babban shaidan tambayoyi har ya nuna mai yiwuwa shi ne ɗan leƙen ɓarayin. Aka wanke Gideon.

Dakta Nasiru:
A ƙara da kuɗin ƙwararru, don lauya ba likita ba ne, ba kuma masanin harsashi ba. Anthony Ray Hinton a jihar Alabama ta Amurka an yanke masa hukuncin kisa bisa cewa harsasan da aka samu daga bindigar gidansu suka fito. Lauyansa ya ɗauka doka ta ƙayyade kuɗin ƙwararre a dala 1,000, bai san an riga an gyara dokar ba, sai ya ɗauko wanda zai karɓi wannan kuɗi, mutumin da aka wargaza cikin sauƙi a gaban kotu. A 2014 Kotun Ƙoli ta ce wannan gazawar lauya ce. Da aka sake gwajin, ƙwararrun gwamnati da kansu suka kasa danganta harsasan da bindigar. An sake shi a 2015, bayan kusan shekara 30. Mai gabatar da ƙara yana da 'yan sanda da ɗakin gwaji a bayansa. Ofishin kariya da ba shi da mai bincike da asusun ƙwararru, da hannu ɗaya yake shiga.

Malama Safiya:
Masana, ni abin da ke damuna daban ne. Yaya lauya zai yi idan mutumin ya gaya masa a asirce cewa shi ya aikata? Ba taimakon zalunci ba ne, kuma da kuɗin jama'a, har da na wanda aka cuta?

Barista Asma'u:
Malama Safiya, tambaya ce mai nauyi, kuma tana da iyakoki sanannu. Lauya ba zai tona asirin ba. Amma daga lokacin ba zai miƙe ya ce wani ne ya yi ba, ba zai kawo shaidan da ya san ƙarya zai yi ba, ba zai taya mutumin shirya ƙarya ba. Abin da ya rage masa shi ne ya sa mai tuhuma ya tabbatar da tuhumarsa, kuma ka'idar cewa hujja tana kan mai da'awa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Sannan "na aikata" ba ya rufe magana. Wane laifi? Kisan ganganci ko na kuskure? Fashi da makami ko sata? Shekarunsa nawa a ranar? Hankalinsa ƙalau? Tsakanin waɗannan akwai bambancin rai da mutuwa, kuma mutumin da bai san doka ba zai amsa mafi girman ba tare da ya sani ba. Wanda aka cuta ma ba ya amfana da hukuncin da za a rushe a sama, balle a ɗaure wani a bar mai laifin a gari.

Alhaji Garba:
Haka ne. Kuma ko laifi ya tabbata, saura hukunci, wanda lauyoyi da yawa ke rainawa. "A yi masa sassauci, laifinsa na farko ne" ba roƙo ba ne. A kawo tarihin rayuwarsa da takardu, a lissafa kwanakin da ya riga ya yi a tsare don a cire, a ba kotu wani zaɓi a zahiri: diyya, aikin al'umma, magani in shaye-shaye ne tushen abin. Ofishin Bronx Defenders a New York yana haɗa lauya da ma'aikacin jin daɗin jama'a kan kowane mutum. Binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna hakan ya rage yiwuwar ɗauri da kashi 16 cikin 100, ba tare da an ga ƙaruwar sake aikata laifi ba.

Malam Habibu:
Ana yawan cewa lauyan kyauta burinsa kawai ka amsa laifi a wuce wurin. Yaushe shawarar amsawa take zama daidai, yaushe take zama ha'inci?

Barista Lawal:
A Amurka Kotun Ƙoli da kanta ta faɗa a 2012 cewa kashi 97 cikin 100 na hukuncin kama mutum da laifi a kotunan tarayya, da kashi 94 a na jihohi, ta amsa laifi suke zuwa. Saboda haka shawarar amsawa ita ce kusan dukan aikin, kuma sau da yawa ita ce daidai: in hujja ta yi ƙarfi, lauyan da ya zuga mutum ya ja, ya jawo masa ninkin shekaru.

Tana zama ha'inci idan an ba da ita kafin a karanta fayil. Kafin ya ce wa mutum ya amsa, lauya ya iya faɗa masa ƙarfin hujjar, mafi munin abin da zai samu in ya ja, da abin da amsawar za ta jawo bayan hukunci: rasa aiki, rasa lasisi, ko korar baƙo daga ƙasa. Wannan na ƙarshe shi ne batun shari'ar Padilla a 2010, inda lauya ya ce wa mutumin da ya shafe sama da shekara 40 a Amurka kada ya damu, alhali amsawar na nufin kora. Duk tayin da mai gabatar da ƙara ya yi, dole a isar wa mutumin kafin wa'adinsa ya wuce, a rubuta ranar a fayil. Hukuncin ƙarshe kuma nasa ne: ya amsa ko ya musanta, ya yi magana a kotu ko ya yi shiru, ya ɗaukaka ƙara ko ya bari. A 2018, a shari'ar McCoy, kotu ta rushe hukuncin kisa saboda lauya ya amsa laifin a madadin mutumin da ke musantawa, duk da niyyarsa ita ce ya ceci ransa.

Wani tarkon kuma shi ne mutum uku a tuhuma ɗaya, a ba su lauya ɗaya don a rage kuɗi. Ranar da kariyar ɗaya ta zama "ni direba ne kawai, wancan ne ya shiga", lauyan ba zai iya kare kowa ba. A raba su tun farko.

Hajiya Bilkisu:
Duk abin da kuka faɗa daidai ne, amma misalanku yawanci daga ƙasashen da lauyoyi suka yi yawa ne. Inda lauyoyi kaɗan ne kuma sun taru a manyan birane, jiran lauya ga kowane tsararre jiran da ba ya ƙarewa ne. Malawi ta fara wani tsari a shekara ta 2000: a horar da mataimakan lauya, su shiga gidajen yari kullum, su koya wa tsararru yadda ake neman beli da bakinsu, su nemo iyayen yaran da aka kama da masu tsaya musu, su tace fayiloli su ware waɗanda wa'adinsu ya wuce, sannan a kawo majistare cikin gidan yarin ya duba su a zama ɗaya. Sanarwar Lilongwe ta 2004 kan agajin shari'a a Afirka ta ɗauki wannan hanya, ka'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2012 kan agajin shari'a sun amince da ita, Saliyo kuma ta sa mataimakan lauya a dokarta ta 2012. Rajistar da Barista Asma'u ta ambata da wayoyin da Alhaji ya lissafa, duk ba sa buƙatar wanda ya je makarantar lauyoyi.

Barista Lawal:
Hajiya, na yarda, da sharaɗi biyu. Su kasance ƙarƙashin lauyan da ke duba aikinsu, kuma su san inda za su tsaya: ba su ba da shawarar amsa babban laifi. Tsorona shi ne gwamnati ta ga sun fi araha ta ce an biya buƙata. Kotun Afirka da ke Arusha, a shari'ar Alex Thomas da Tanzaniya a 2015, ta ce rashin ba mai fuskantar babbar tuhuma lauya kyauta take haƙƙi ne.

Hajiya Bilkisu:
Ba mu saɓa ba, Barista. Su ne ke sa lauyan ya isa inda aka fi buƙatarsa.

Dakta Nasiru:
Mu koma kan wa ke riƙe da wuyan ofishin. Birazil ta sa ofishin kare marasa ƙarfi a sashe na 134 na tsarin mulkinta na 1988, gyaran 2004 ya ba na jihohi 'yancin gudanarwa da tsara kasafinsu, ana ɗaukar lauyoyinsa ta jarabawa kamar alƙalai. Can gefe kuma, jihar Luwiziyana ta Amurka ta daɗe tana dogara da kuɗin da kotuna ke ɗora wa waɗanda aka kama da laifi, yawanci tarar tuƙi, wato abincin lauyan kariya yana ƙaruwa ne idan an kama mutane da laifi. A 2016 ofishin kare marasa ƙarfi na birnin New Orleans da ke jihar ya fara ƙin karɓar wasu manyan shari'o'i. A shekarar ce shugaban ofishin jihar Misuri ya naɗa gwamna Jay Nixon, wanda lauya ne, ya kare wani talaka, don ya nuna masa ƙarancin da ake ciki. Kotu ta soke naɗin.

Ƙin karɓar aiki ba tawaye ba ne. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta faɗa a 2006 cewa lauyan da aiki ya fi ƙarfinsa wajibi ne ya daina karɓar sabo. Amma shugaban da minista ko gwamna zai iya cirewa da takarda ɗaya ba zai taɓa faɗin haka ba. Shi ya sa ake so hukuma mai zaman kanta ta naɗa shi, da wa'adi tsayayye.

Malama Safiya:
To idan lauyan ya yi sakaci, mutum yana da mafita?

Barista Asma'u:
Akwai, amma ƙofar ƙunci gare ta. Ma'aunin Strickland na 1984, wanda kotunan Amurka ke bi, yana buƙatar abu biyu: a nuna aikin lauyan ya gaza abin da ake tsammani daga lauya mai hankali, sannan a nuna da bai gaza ba akwai yiwuwar sakamakon ya bambanta. Na biyun ne ke kayar da mutane, domin shaidan da ba a nema ba babu shi a rubutun shari'a. Calvin Burdine a Teksas, wanda lauyansa ya riƙa yin barci ana shari'ar kisa, sai da cikakken zaman kotun ɗaukaka ƙara a 2001 kafin ya samu a sake shari'arsa.

Abin da ya fi amfani shi ne tun ana cikin shari'a, mutum ko danginsa su rubuta wa shugaban ofishin, su ajiye kwafi, kuma ya faɗa a gaban alƙali cewa bai gana da lauyansa ba, ya roƙi a rubuta. Abin da ba ya cikin rubutun kotu, kotun sama ba ta ganinsa.

Alhaji Garba:
Sai wa'adin ɗaukaka ƙara, inda ake asarar mutane da yawa ba tare da kowa ya lura ba. A kotunan tarayyar Amurka kwana 14 ne, daga babbar kotun laifuka ta Ingila 28, daga babbar kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a Najeriya 90. Lauyan da ya yi shari'ar yana ɗauka aikinsa ya ƙare ranar hukunci, an kuma tafi da mutumin wani gidan yari mai nisa, sashen ɗaukaka ƙara bai san da shi ba. Kafin a fitar da shi daga harabar kotu, lauya ya same shi ya tambaye shi ko yana son ɗaukakawa, ya sa hannu kan sanarwar in doka ta buƙaci sa hannunsa, a shigar da ita a makon, a nemi kwafin hukunci da rubutun zaman kotu a rana ɗaya. Dalilan ɗaukakawa ana iya faɗaɗa su daga baya da izinin kotu. In wa'adin ya wuce kuwa, sai an fara roƙon ƙarin lokaci tare da rantsuwar dalilin jinkiri, kuma kotu tana da damar ƙi.